Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Duk wanda ya saba bin lungunan Gyadi-Gyadi da Tarauni a ƙarshen bazara, lokacin da hadari ya fara tasowa daga gabas, matasan unguwa kuma suka fito da shebur da baro domin yashe kwatoci kafin saukar ruwan fari, ya san wannan baƙar laka da akan tsamo daga ƙarƙashin lambatu a tara ta a bakin hanya, baƙa wuluk kamar an kwaɓa ta da tawadar allo, tana fitar da wari irin na baragurbi. Wanda kuwa ya ƙara lura, ya san cewa idan ta kwana uku ko huɗu tana shan rana da iska, sai baƙin ya kau, warin ya tafi, ta koma toka-toka tana tsattsagewa. Mafi yawanmu mukan toshe hanci mu wuce, alhali a cikin wannan tulin laka akwai wata mas'ala ta ilimi wadda masana suka ƙare rayuwarsu suna tahƙiƙinta a bakin tekunan duniya, wadda kuma jahilcinta ya sha halaka gonakin shinkafa, ya kashe kifaye, ya nutsar da gidaje.

Ɗalibin da ya karanta babin tsarki a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid ba zai ji wannan magana baƙuwa ba, domin tun a zaure aka koya masa cewa ruwa ana gane halinsa ne da siffofi uku, launi da ɗanɗano da ƙamshi, aka kuma sanar da shi cewa ruwan da ya jirkita saboda ƙasar da yake kwance a kanta, ko ta gishiri ce ko baƙar laka, bai fita daga tsarkinsa ba. Malaman fiƙihu sun kawo waɗannan ƙasashe biyu ne domin hukuncin alwala. Mu kuwa nufinmu a nan mu duba wurin da suke haɗuwa su zama abu guda, wato fadamun bakin teku, inda gishiri da baƙar laka suke kwana tare.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu fara da abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu. Manomin ƙasar Hausa bai jira wani ya zo ya sanya masa sunayen ƙasa ba: ya san jigawa da rairayinta, inda gero da gyaɗa da wake suke yi, ya san jangargari mai riƙe danshi, ya san daɓaro, baƙar ƙasa mai danƙo da damina, mai tsagewa da rani, ya san yumɓun maginan tukwane, da marmarar da ake fasawa, da faƙon da ko ciyawa ba ta son sa, da fadamar da ke ciyar da gari da kayan lambu bayan kaka. Sai dai dukkan waɗannan, duk da bambancin launi da ɗabi'arsu, asalinsu ɗaya ne, wato dutse ne da ya narke a tsawon zamani, da ƙurar da iska ta kwaso. Ragowar tsiro da ke cikinsu kaɗan ce ƙwarai, a gonakin tudu sau da yawa ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, saboda zafin rana da gara da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani suna cinye kowane kara da ganye kafin shekara ta kewayo. Wannan ne dalilin da ya sa tun kaka da kakanni jakuna suke fita daga birnin Kano da mangalolin taki zuwa gonakin da ke kewaye da shi, a zamanin da su Tarauni suke gonaki da ƙauyuka a bayan ganuwa. Abin da ƙasa take ƙonewa kowace shekara, tilas mutum ya mayar mata kowace shekara.

To, ƙwayoyin nan masu ruɓar da ganye suna bukatar iska kamar yadda wuta take bukatarta, iska kuwa tafiyarta a cikin ruwa ta fi tafiyarta a sarari jinkiri kusan sau 10,000. Saboda haka idan aka sami wurin da ruwa ba ya barin ƙasa rani da damina, tsiro kuma yana fitowa yana mutuwa a kansa shekara bayan shekara, sai ruɓewa ta kasa cim ma haihuwa, saiwa ta hau kan saiwa, ganye ya danne ganye, har a wayi gari ƙasar wurin kanta ta zama gawar tsiro ce tsantsa, ko kuwa tsiro ne ya rinjayi yashi da laka a cikinta. Ita ce za mu kira ƙasar tsiro a cikin wannan bayani. Ginuwarta na tafiya a hankali, a wurare da yawa kamar milimita 1 a shekara, wanda ke nufin cewa zurfin mita 1 nata yana iya zama aikin shekara 1,000.

Irin wannan ƙasa tana samuwa a ruwan daɗi, tana kuma samuwa a bakin teku, kuma ta bakin tekun ce ta fi ban mamaki. Fataken goro da na shanu da suka sauka Ikko tun bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, sun ga yadda teku takan ciko ta rufe gaɓa, sa'an nan ta janye, sau biyu a yini da dare, cikowar kuma ta fi ƙarfi a lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu. Larabawa suna kiran wannan maddu da jazru, Alkindi ma ya rubuta risala a kan sababinsa a Bagadaza tun ƙarni na 9. A inda babban kogi yake shiga teku, kamar yadda Kwara take rarrabuwa rassa-rassa kafin ta faɗa Tekun Atlantika, wannan cikowa takan tura ruwan gishiri cikin rafuka ya gauraya da na daɗi, a sami abin da Bakano ya daɗe da saninsa a rijiyoyin cikin birni, wato ruwan zartsi. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, ruwan daɗi bai kai rabin giram ba, zartsi kuwa shi ne abin da ke tsakani, yana ƙaruwa da rani, yana raguwa idan kogi ya kawo. A ƙasashen sanyi ciyayi masu jure gishiri ne suke rufe irin waɗannan fadamu. A namu yankin kuwa wasu itatuwa ne da ake kira mangurof, masu saiwoyi a waje kamar ƙafafun gizo-gizo, kuma dajinsu da ke Nijeriya shi ne mafi girma a nahiyar Afirka. Ƙasar da ke ƙarƙashinsu mutanen yankin Fatakwal suna kiranta cikoko, laka ce da saiwoyi suka saƙe ta har ana yanka ta gunduwa-gunduwa kamar tubali a yi shingen ruwa ko a cike gaɓa.

Wanda ya saba da ƙasar tudu, idan aka damƙa masa wannan, zai yi shakkar ko ƙasa ce. Launinta daga ruwan goro mai duhu zuwa baƙi ƙirin; idan tana jiƙe, kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na nauyinta ruwa ne; idan ta bushe, mudunta sau da yawa bai kai nauyin kashi ɗaya cikin biyar na mudun rairayi ba; idan mutum ya taka ta, sai ya ji tana rawa a ƙarƙashinsa, ta ɗauke shi in saiwoyin sama suna da ƙarfi, ta haɗiye shi har ƙugu in sun yanke; idan kuma aka busar da mai yawan tsiro daga cikinta aka kusantar da ita da wuta, sai ta kama kamar kashin shanu.

Rarraba ƙasa zuwa nau'o'i tsohon fanni ne wanda Musulmi suke da rabo babba a cikinsa, domin Ibn Bassal, mai kula da lambunan sarauta a Ɗulaiɗila ta Andalus a ƙarni na 11, ya kasa ƙasar noma kashi goma, Ibn Awwam na Ishbiliya kuma ya faɗaɗa bayani a cikin Kitabul Filaha bayansa da kamar ƙarni ɗaya, suna dogara da gani da taɓawa da sansanawa da ɗanɗanawa. Abin sha'awa shi ne, da masanan wannan zamani suka zo kan ƙasar tsiro, hannu ne dai ya zama ma'auninsu na farko. A farkon shekarun 1920 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Lennart von Post, ya tsara mataki goma waɗanda ake ganewa ta hanyar damƙar ƙasar a matse ta: idan ruwa garau ya fito, abin da ya rage a tafin hannu kuma ana gane ganyensa da saiwarsa, wannan mataki na ɗaya ne, idan ruwan ya fito da duhu, wani sashe na ƙasar ya silale ta tsakanin yatsu, an kai tsakiya, idan kuwa duka ta kuɓuce kamar kunu babu abin da ya saura, an kai na goma.

A 1975 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta buga babban tsarinta na rarraba ƙasa, wanda ƙasashe da yawa suke aiki da shi, ta ware wa ƙasar tsiro aji na musamman mai suna Histosol, daga kalmar Yunananci mai nufin saƙar jiki. Sharaɗin shiga wannan aji a tsarin na 1975 biyu ne. Na farko yawa: a ƙasar da ruwa yake kwanciya, sinadarin kabon da ya fito daga tsiro ya kai kashi 12 cikin 100 idan babu yumɓu a ciki, ƙa'idar tana hawa har kashi 18 idan yumɓun ya yi yawa. Na biyu kauri: wannan ɓangare ya kai aƙalla santimita 40, wato kusan kamu ɗaya. Abin da ya gaza haka ana lissafa shi cikin ƙasar laka mai hular tsiro, kuma da yawa daga fadamun bakin teku a nan suke faɗawa, domin kogi yana zuba musu laka ba dare ba rana. Bayan an tabbatar da ajin, sai a murtsuke ƙasar tsakanin yatsu a duba zaren da ya tsira. Wadda zarenta ya kai kashi biyu cikin biyar ko fiye, ita ce ɗanya. Wadda zarenta bai kai kashi ɗaya cikin shida ba, ita ce ruɓaɓɓiya. Wadda ke tsakani, ita ce matsakaiciya, kuma ita ta fi yawa a fadamun zartsi. Fa'idar wannan rabo a bayyane take ga mai aiki: ɗanyar tana barin ruwa ya ratsa ta da sauri amma tana matsewa ƙwarai idan aka ɗora mata nauyi, ruɓaɓɓiyar kuwa tana riƙe ruwa, ba ta da ƙashin da za ta tsaya da shi idan igiyar ruwa ta doke ta.

Amma siffar da ta raba ƙasar tsiro ta zartsi da 'yar'uwarta ta ruwan daɗi, wadda kuma saboda ita muka ɗauki alƙalami, ita ce farar wuta, wato kibritu. Ruwan teku, ban da gishirin miya, yana ɗauke da wani gishirin mai farar wuta a cikinsa. A can ƙarƙashin laka, inda iska ta ƙare, akwai wasu ƙwayoyin halitta da Allah Ya hore wa numfashi da wannan gishiri a madadin iska, suna cin ragowar tsiro suna fitar da tururi mai warin baragurbi, shi ne dai warin da muke ji a kwatocinmu. Wannan tururi idan ya gamu da ƙarfen da kogi ya kwaso daga tudu cikin laka, sai su ɗaure su zama wani baƙin sinadari, wanda shi ne tawadar da ke rina lakar, da daɗewa kuma ya rikiɗe ya zama ma'adinin da masana suke kira fairait. Muddin ruwa yana rufe da shi, fairait yana nan kwance ba ya cutar da komai, ko da zai yi shekara dubu.

Ranar da mutum ya zo ya ga fili baƙi mai laushi ya yi zaton dausayi ne, ya tare teku da shinge, ya haƙa magudana ya tsane ruwan, ranar ce iska take isa ga fairait, ta juya shi ya zama tsatsa da asid, irin wanda makanikai suke kira ruwan batir. A ma'aunin tsami na masana, wanda 7 take tsakiyarsa, ƙasar da take wajen 6 ko 7 tana iya faɗowa ƙasa da 3.5 cikin 'yan watanni. Wasu ɗigo-ɗigo masu launin karan dawa busasshe su bayyana a jikinta. Saiwar shinkafa ta ƙone. Ruwan fari ya wanke tsamin zuwa rafi, kifaye su taso ciki sama. Siminti da ƙarfen gada su fara cinyewa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma da wuya a sami inda wannan karin magana ya tabbata a zahirinsa kamar nan. Shi ya sa tsarin rarrabawa ya bai wa wannan siffa matsayi babba: ƙasar da ke ɓoye da farar wuta a cikin mita 1 na samanta tana da sunanta dabam, wadda ta riga ta yi tsami tana da nata. Hanyar ganewa kuwa mai sauƙi ce, mai bukatar haƙuri: a ɗebi kaɗan a shimfiɗa, a bar ta da danshi tana shan iska makonni, ana aunawa, idan ta sauko zuwa 4 ko ƙasa da haka, an san abin da ke cikinta tun ba a kashe dukiya ba.

Manoman gaɓar Afirka ta Yamma sun riga littattafai gane wannan sirri. Balanta na Gini Bisau da Jola na Kasamans a kudancin Senegal sun yi ƙarnuka suna noman shinkafa a wurin da suka sare mangurof, ta hanyar gina shinge mai ƙofar ruwa, da tayar da kunya mai tsawo, da barin ruwan sama ya wanke gishiri da tsami kafin a dasa, a wasu wurare kuma da rani sukan sake buɗe wa ruwan teku ya shiga domin kada ƙasar ta bushe har ƙasa. A Rokupur ta Saliyo, inda aka kafa tashar binciken shinkafa a 1934, masana sun tabbatar da cewa ƙasar da ke ƙarƙashin jan mangurof mai saƙaƙƙiyar saiwa ta fi ta farin mangurof yin tsami idan ta bushe, har itacen da ke tsaye ya zama alama ga abin da ke binne. Da farin shekarun 1970 da na 1980 ya zo, wanda dattawanmu ba su manta da shi ba, ruwan sama ya gaza wanke gonakin Kasamans, gishiri da tsami suka kori manoma daga filaye masu yawa. Masifar da ta kashe shanu a Sahel ita ce ta ƙone shinkafa a bakin teku.

Akwai kuma hasara ta biyu, ita ce nutsewa. Da yake ƙasar tsiro ruwa ne da gawar ganye, idan aka tsane ta sai ta motse, ruɓewar da aka jinkirta kuma ta ci gaba, jikinta ya riƙa tashi sama a matsayin iskar kabon. A Holme, cikin ƙasar Ingila, an kafa ginshiƙin ƙarfe a 1851 kansa daidai da doron ƙasa, lokacin da ake tsane fadamar wurin. Yau ginshiƙin ya fito sarari kusan mita 4, ba don ya yi tsawo ba, sai don ƙasar ce ta gudu ta bar shi. Ƙasar tsiro ba ta wuce kashi 3 cikin 100 na tudun duniya ba, amma kabon da take riƙe da shi ya fi wanda ke cikin itatuwan dazuzzukan duniya baki ɗaya. Ta tsakiyar kwarin Kwango kaɗai, wadda aka bayyana girmanta a 2017, an ƙiyasta a lokacin cewa faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita 145,000. Duk abin da ya tsere daga irin waɗannan taskoki yana ƙara ɗumamar duniya, wadda mu mazauna bakin hamada muke cikin na gaba wajen ɗanɗanar ta.

Idan muka dawo gida, gaskiya ita ce fadamunmu ba su cika sharaɗin ƙasar tsiro ba, domin rani yana busar da su kowace shekara, farar wuta kuma ba ta da yawa a ruwanmu. Amma ƙa'idar ɗaya ce, wato duk wanda ya sauya tafiyar ruwa ya sauya ɗabi'ar ƙasa. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, ruwa ya daina zuwa fadamun Haɗeja da Nguru bisa tsohon lokacinsa na cika da janyewa, ya koma yana tafiya rani da damina, sai ciyawar kacalla ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta tara laka da ruɓaɓɓen ganye a ƙarƙashinta, ta hana masunta da manoma wuraren da suka gada. A gonakin rani kuma, inda ake ban ruwa ba tare da mafita ba, rana takan ɗauke ruwan ta bar kanwa da gishiri fari fat a kan kunya. A cikin birni kuwa, kududdufan da magabata suka bari bayan sun ɗebi ƙasar gini, waɗanda suke karɓar ruwan unguwa idan an yi mamako, an cike da yawa daga cikinsu da shara an yanka filaye. Shara kuwa, kamar ƙasar tsiro, ruɓewa take yi tana motsewa, don haka bango yake tsagewa bayan 'yan shekaru, daɓe yake lotsawa, ruwan da aka ƙwace wa mazauninsa kuma yake shiga ɗakunan maƙwabta.

Saboda haka nasiharmu ga mai sayen fili a Tarauni ko Hotoro ko Unguwa Uku ita ce ya tambayi tsofaffin unguwa mene ne a wurin shekara 40 da suka wuce, ya haƙa rami ya duba launin abin da ya fito, ya sansana, ya damƙa a hannunsa, kafin ya sauke bulo. Ga hukuma kuma, kada ta sa hannu a tsane wata fadama, ko a nan ko a bakin teku, sai masana ƙasa sun ambaci sunanta da abin da ke cikinta. Ƙasa amana ce da aka damƙa wa ɗan Adam domin ya raya ta, kuma sharaɗin riƙon amana shi ne sanin abin da aka ba ka ajiya. Matasan da ke yashe kwata a Gyadi-Gyadi suna yin aikin lada, kuma idan wani yaro ya tsaya kusa da su ya tambayi abin da ya sa lakar take baƙa yau ta koma fara jibi, ya dace a samu babba da zai tsaya ya amsa masa.